Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Irin Sanfulawa da Adana Shi Zuwa Shukar Baɗi

Sanfulawa, furen nan mai kallon rana da ake matse mai daga 'ya'yansa, baƙuwa ce a gonakin Gombe idan aka kwatanta ta da gyaɗa da riɗi da auduga. Asalinta daga Arewacin Amurka take, a Rasha aka mayar da ita amfanin gona na mai, kuma har yanzu Rasha da Yukiren ne kan gaba wajen noma ta. Shi ya sa manomin da ya gaji ajiyar irin gero da wake tun daga kakanni yakan tsaya yana tambaya idan aka zo kanta. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin manoma da matan da ke shuka ta a bayan gida.

Kowace sanfulawa ce ake iya ajiye irinta?

A'a. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai aure, wanda kamfani ya haɗa uwa da uba na musamman ya fitar, akwai kuma wanda ba mai aure ba, da ke barbara a fili yana haifar da irin kansa. Na biyun shi ake ajiyewa.

Mai aure yana ba da amfani mai kyau a shekarar da aka saye shi, amma 'ya'yansa ba sa kama da shi. Idan ka sake shuka su za ka ga gona ta rikice: wata doguwa, wata gajeriya, wata ta yi rassa da ƙananan kawuna barkatai, wasu ma furensu ba ya fitar da garin barbara ko kaɗan. Ba kuma za su nuna tare ba, ga amfanin ya ragu. Wannan halittar irin ce, babu wata ajiya mai kyau da za ta gyara shi.

Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ita ke da alhakin binciken sanfulawa a Najeriya, kuma ta fitar da ire-iren da ake kira SAMSUN, daga na 1 zuwa na 4. Waɗannan ba masu aure ba ne, ana iya ajiye irinsu.

Malam, ni a mudu na saya. Ta yaya zan san wanne na shuka?

Da ido ba za ka bambance su ba, ƙwayar duk baƙa ce ko mai zane. Idan a leda ko buhun kamfani ya zo, duba rubutun jiki: mai aure yakan ɗauki alamar F1. Irin da Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, NASC, ta tantance yana zuwa da tambari da lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Idan kuwa a mudu ne, koma wurin wanda ya sayar maka ka tambayi asalinsa, ko ka kai wa malamin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Gombe, GSADP. In babu wanda ya sani, gonarka za ta faɗa maka: idan shukar ta fito iri-iri, rassa ko'ina, fure yau wannan, bayan sati uku wancan, kada ka ajiye.

Maƙwabcina ya shuka wata sanfulawa dabam. Za ta ɓata tawa?

Amfanin bana ba zai lalace ba, irin baɗi ne zai gauraya. Ƙudan zuma ke yi wa sanfulawa barbara, kuma yana tafiyar kilomitoci wajen neman abinci, bai san iyakar gona ba. Ana so gonar iri ta yi nisan aƙalla rabin kilomita zuwa kilomita guda da wata sanfulawa dabam, masu samar da iri na kamfani ma sukan wuce haka.

A ƙauyukanmu da gonaki ke manne da juna wannan da wuya. Mafita uku ce. Ko ku daidaita da maƙwabta ku shuka iri ɗaya, wanda shi ne mafi sauƙi kuma shi na fi so. Ko a bar tazarar wata guda tsakanin shukarku domin furen kada ya haɗu. Ko kuma, ga mai 'yan tsiraru a bayan gida, a rufe kawunan da yadi mai shara-shara kafin su buɗe, kowace safiya a cire, a shafa wani kai da tattausan ƙyalle a shafa wa wani, a mayar da rufin. Furen kai guda daga gefe yake buɗewa zuwa tsakiya cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka aikin na kullum ne har ya gama.

Kada dai a ce za a kori ƙudan zuma. Idan babu shi rabin ƙwayoyin holoƙo za su fito. Feshin maganin ƙwari lokacin fure, musamman da hantsi, asara ce ga manomi da kuma mai amya.

Me zai hana in bari sai an gama girbi in ɗebi mudu biyar daga buhu in ajiye?

Abin da mafi yawan mutane ke yi ke nan, kuma nan ne iri ke fara lalacewa. Buhun girbi ya haɗa kowa da kowa: 'ya'yan lafiyayya da na mai cuta, na mai saurin nuna da na makararriya, na kan da ya ruɓe a gefe. Da sun shiga buhu ba mai iya raba su. A gona ake zaɓen iri, tun shukar tana tsaye.

Zaɓen sau biyu ake yi. Na farko kafin fure ya buɗe: a bi kunya-kunya a tumɓuke duk wadda ta yi rassa, da wadda ta fi sauran tsayi fiye da kima ko ta tsumbure, da mai ganye mai ɗigon baƙi ko rawaya. Dalilin yin haka da wuri shi ne, da zarar ta yi fure ta riga ta raba garinta ga lafiyayyun. Manomi yakan ji ciwon cire shuka mai rai, na sani, amma ƙwaya ɗaya marar kyau da aka bari tana iya zama uba ga ɗaruruwa.

Na biyu bayan furen ya zube, ƙwaya ta fara cika. Shiga tsakiyar gona da tsummoki, ka ɗaura a wuyan duk wadda ta cika sharuɗɗa: kai ɗaya tal, kara mai kauri da ke tsaye bai kwanta ba, ganye mai lafiya har ƙasa-ƙasa, kai cikakke wanda ƙwaya ta cika shi har kusa da tsakiya. Ka fifita kan da ya sunkuya yana kallon ƙasa, domin ruwan sama ba ya kwanciya a cikinsa, tsuntsu kuma ba ya samun wurin tsayawa. Juya bayan kan ka duba. Idan ka ga wuri mai laushi launin ƙasa, ko ramin tsutsa, wuce.

Ka bar layukan bakin gona ko da kawunansu sun fi girma. Girman nan na sarari ne da suka samu, ba na jini ba, kuma su ne ƙudan zuman da ya fito daga gonar wani ke fara sauka a kai. Haka wadda ta tsiro ita kaɗai a kan tsohon juji.

Sannan gonar iri kada ta zama inda aka noma sanfulawa bara. Gyauro zai fito ya gauraya da sabuwar shuka, cututtukan da ke kwana a ƙasa kuma suna jira. A bar shekara uku ko huɗu ana juyawa da dawa ko masara.

Kawuna nawa zan zaɓa?

Ga lissafin. Idan kunya da kunya santimita 75 ne, rami da rami 25, hekta na ɗaukar rami kusan 53,000. Ƙwaya biyu ko uku a rami na cin kilo 6 zuwa 10. Kai mai kyau kan ba da wajen giram 50 bayan an tsaftace, wato kawuna 200 ke nan a kilo 10. Ka ɗan ƙara saboda abin da tsuntsu da shiƙa za su ci.

Ko da fili kaɗan gare ki, Hajiya, kada ki ajiye daga kai ɗaya ko biyu don sun fi burge ki. Sanfulawa ba ta son auren dangi na kusa. Idan iri ya fito daga uwa ɗaya shekara da shekaru, ƙarfinsa raguwa yake yi. Ki haɗa daga kawuna 20 zuwa 30 a ƙalla, ko da kaɗan-kaɗan ne daga kowanne.

Yaushe ake yanka?

Idan bayan kan ya tashi daga kore ya koma rawaya, ƙananan ganyen da suka kewaye shi suka fara zama launin ƙasa, ƙwayar ta gama cika. Hakan na faruwa kwana 30 zuwa 45 bayan fure. Daga nan babu abin da take ƙarawa sai bushewa. Ga iri, an fi so a ɗan ƙara haƙuri har bayan kan ya fara komawa launin ƙasa, ƙwaya tana fita idan an murza da babban yatsa. Wanda ya shuka a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli zai ga haka wajen Oktoba, daidai ɗaukewar ruwa. Wanda ya yi sammakon shuka a Mayu kuwa kawunansa za su nuna a tsakiyar ruwan Agusta da Satumba, ruɓa kuma ta same su. Irin wannan gonar ba ta iri ba ce.

A yanka da ɗan kara kamar tsawon hannu, da rana bayan raɓa ta bushe, a kuma girbe na iri dabam kafin a shiga babban girbi.

Tsuntsaye ba za su bar ni in jira ba.

Gaskiya ne, kurciya da ƙananan tsuntsaye sun san daɗinta. Kawunan da ka yi wa alama kawai za ka kare: tsohon gidan sauro da aka yayyanka, ko buhun albasa mai raga, a ɗaure a wuya bayan furen ya zube. Ban da leda, domin gumi take tarawa kan ya ruɓe. Idan abin ya fi ƙarfinka, yanka da zarar bayan ya yi rawaya sosai, ka ƙarasa busarwa a gida.

Yaya ake shanya?

Bayan kan sanfulawa kamar soso yake, ya fi ƙwayar riƙe ruwa nesa ba kusa ba. Idan ka tara ɗanyun kawuna tsibi guda ko ka cusa su a buhu, kwana biyu sun isa su ɗauki zafi su yi funfuna. Ranar da aka yanka, ranar ake baza su: ɗaya-ɗaya, fuskar ƙwaya a sama, a kan tabarma ko rumfar kara da iska ke ratsawa ta ƙasa. Ko a rataye su a zaure mai iska. Da yamma a kwashe ko a rufe saboda raɓa da ɓeraye.

Zafin da ya wuce digiri 40 zuwa 43 na ma'aunin Selshiyos yana illata ran da ke cikin ƙwaya, musamman tana ɗanya. Ƙwayar kuma baƙa ce, tana zuƙar rana. Saboda haka kwalta, da kwanon rufi, da baƙin tampol a tsakiyar rana duk na hatsin sayarwa ne, ba na iri ba. A ba shi ranar safe da ta la'asar, a janye shi inuwa daga azahar. Gwaji mai sauƙi: tura hannunka cikin shanyar, in ta ƙona ka, to ta yi wa iri yawa.

Wajen fitar da ƙwaya fa, a buga da sanda?

Na sayarwa ana bugawa. Na iri da hannu ake murjewa, ko a goga kai biyu da juna, ko a goga a kan ragar waya a saman baho. Bugu yana tsaga ɓawo, kuma tsagaggen ɓawo ƙofa ce ga ƙwari da funfuna. Tsakiyar kan, kamar faɗin bakin kofin shayi, a bar shi ga kaji: ƙwayoyin wurin su ne na ƙarshen barbara, ƙanana ne, da yawansu fanko.

Daga nan sai shiƙa da faifai, a maimaita har holoƙo da ɓurɓushin fure su fita, a tsince fasassu da masu tabo. Ɓurɓushin nan kada a raina shi, shi ke kai danshi cikin jarka. Sai a sake baza ƙwayar siriri-siriri na wasu kwanaki ana juyawa.

Zan iya zubawa a ruwa in kwashe masu tasowa?

Kada ki yi. Ɓawon sanfulawa na riƙe iska, mai kyau ma tasowa yake yi, ga shi kin jiƙa abin da kike ƙoƙarin busarwa.

Ta yaya zan tabbatar ya bushe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci. Ƙwayar sanfulawar da ake matsewa, kusan kashi 40 cikin 100 ko fiye nata mai ne, kuma mai ba ya riƙe ruwa, don haka ɗan ruwan da ke ciki a sauran ɓangaren yake taruwa. Danshin kashi 13 da masara ke zama lafiya da shi, ga sanfulawa ya yi yawa. Ana so ta sauka zuwa kashi 8 ko ƙasa. Masana iri suna da wata ƙa'ida: duk kashi 1 na danshi da aka rage, rayuwar iri ninkawa take yi, haka ma duk digiri 5 na zafi da aka rage a wurin ajiya.

Idan akwai na'urar auna danshi a wurin malamin gona ko dillalin hatsi, a auna. In babu, ɗauki ƙwaya ka fasa da haƙori. Busasshiya ɓawonta ƙas yake yi, cikin kuma karyewa yake, ba lanƙwashewa ko dagargajewa ba. Sannan ga gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, gishirin da aka shanya sosai cokali biyu, ƙwaya cikin tafin hannu, a rufe a girgiza, a bari minti 15 a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran aiki. Idan bai manne ba, a ƙara shanyar kwana uku duk da haka, domin wannan gwajin danshi mai yawa kawai yake kamawa.

Mu a nan Allah ya ba mu hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar kanta busarwa take yi, kyauta. Irin da aka baza a inuwa cikin Disamba zai kai bushewar da manoman kudu ke nema da inji.

A me zan zuba?

A abin da iska ba ta shiga. Iri yana shan laima daga iska kamar yadda yake fitar da ita. Wanda ya bushe ƙarau a Janairu, idan a buhun algarara ko ƙwarya yake, zai fara jan danshi da zarar iskar damina ta juyo cikin Afrilu da Mayu, ga kuma zafin bazara da kan kai digiri 40. Watannin nan biyu ko uku na ƙarshe ne ke kashe iri, ba watanni biyar na farko ba. Saboda haka a rufe shi tun hunturu bai wuce ba.

Jarka mai lita 25 takan ɗauki kusan kilo 10, wato irin hekta guda. A wanke ta, a kife ta a rana har ta bushe sarai, a tabbatar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. A cika ta har wuya ana bubbuga ta a ƙasa, a sa leda a baki a murɗa murfi. Cikar tana da dalili: idan iska kaɗan ce a ciki, ƙwarin da suka shiga da ƙwayar shaƙewa suke yi. Buhun PICS mai hawa uku da muka sani a ajiyar wake shi ma yana aiki, a ɗaure kowane hawa dabam. Ga mai iri kaɗan, kwalba mai murfi ko gorar ruwa ta roba ta wadatar, kuma raba shi gora biyu ko uku ya fi a zuba wuri ɗaya.

Sharaɗin dai ɗaya ne: ɗanyen iri a rufaffiyar jarka ya fi saurin mutuwa a kan wanda ke buhu. Kwana biyu bayan rufewa a leƙa, in an ga gumi a jikin jarka a juye a sake shanya. A rubuta sunan iri da watan girbi a jiki, a kuma jefa wata takardar a ciki.

Wane ɗaki? Firji fa?

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko ciyawa ya fi ɗakin kwano marar silin sanyi nesa. A ɗora a kan katako, nesa da bango, nesa da murhu, kada rana ta taɓa shi, kada kuma ya zauna tare da taki ko maganin ciyawa. Ɓera yana huda jarka idan ya sansano mai, don haka a goge jikinta, a riƙa dubawa.

Firji yana da kyau idan wuta na zama kuma kwalbar a rufe take gam. Da yanayin wutarmu, sanyi da ɗumi suna ta musanya, ɗakin ƙasa ya fi kwanciyar hankali. Wanda ya sa a firji, in ya fitar ya bar kwalbar a rufe na wasu awoyi kafin ya buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan ƙwayar.

Sai na sa magani?

Busasshen iri a cikakkiyar jarka ba ya bukata. Mai son ƙarin kariya zai iya gauraya tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi ko busasshen ganyen dogonyaro. Ƙwayar fostoksin da ake jefawa a buhun hatsi iskar guba take fitarwa, tana kashe mutum, ba ta da wurin zama a ɗakin da ake kwana. Maganin feshi irin su Sniper ba na iri ba ne sam.

Garin maganin da ake shafa wa iri, kamar Apron Star, ranar shuka ko jajibirinta ake sa shi, gwargwadon abin da aka rubuta a leda, kuma iya abin da za a shuka. Ragowar da aka shafa wa magani ba ta ciyuwa, ba ta matsuwa, ba a ba kaji. Yara suna son ɓare sanfulawa su ci, a yi nesa da su.

Na girbe a Oktoba, na shuka a Nuwamba a fadamar Dadin Kowa, bai fito ba. Irin ya mutu ne?

Da wuya. Sabuwar ƙwayar sanfulawa tana yin barci bayan girbi, na wajen sati shida zuwa wata biyu, wani irin ma ya fi. Cikin wannan lokacin ko an ba ta ruwa ba ta tsira yadda ya kamata, kuma a bushe a ajiye barcin ke sakinta. Mai noman rani ya yi amfani da irin da ya daɗe a ajiye, ko ya jinkirta zuwa Janairu bayan ya gwada. Haka nan gwajin tsiro a satin girbi ba ya nuna gaskiya.

Yaya ake gwajin tsiro?

Sati biyu ko uku kafin shuka, ɗebi daga sama da tsakiya da ƙasan jarka, gauraya, ƙirga 100 ba tare da zaɓe ba. Jera su layi goma-goma a baho mai yashi, zurfin gaɓar yatsa, ajiye a inuwa, yashin ya zauna da danshi ba jagwab ba. A kwana na goma ƙirga waɗanda suka fito da ganye biyu lafiyayyu. Naƙasassu ba sa cikin lissafi. Daga 80 zuwa sama, shuka biyu a rami. Tsakanin 60 da 80, sa uku ko huɗu. Ƙasa da 60, nemi wani iri tun da sauran lokaci, domin wanda rabinsa ya mutu, rabin da ya rage ma raunana ne. Bayan an ɗiba a mayar da murfi nan take.

Shekara nawa zan yi ina juya irin nawa?

Ajiya dabam, juyawa dabam. A jarka, busasshe, a ɗaki mai sanyi, yana iya kai wa damina ta biyu da ƙarfinsa, amma a gwada kafin a dogara da shi. A buhu kuwa damina ɗaya ce. Juyawa daga gona zuwa gona, ko da ana zaɓe da kyau, bayan shekara uku ko huɗu gauraya takan bayyana, sai a koma ga tantantaccen iri a sake farawa.

Na buɗe na ji wari, wasu sun manne da juna. Zan iya matse mai ko in ba dabbobi?

Warin tsohon mai da ɗaci a harshe alama ce man ciki ya lalace, kuma irin da ya kai haka da wuya ya tsira. Idan akwai funfuna, fari ko kore ko baƙi, kada a ci, kada a matse, kada a ba kaji ko awaki. Gubar aflatoksin da ake tsoro a gyaɗa da masara tana kama sanfulawa ma, wanki ko suya ba sa kawar da ita, kuma tana bi ta nonon dabbar da ta ci. A haƙa rami a binne shi inda kaji ba za su tona ba. Jarkar kuma a wanke ta da sabulu da ruwan zafi, a kife ta a rana kwana biyu kafin a sake zuba wani abu a ciki.